Daga Tsingaron Bakin Tafki Zuwa Karatu a Ƙasar Waje

Ina gaida mutanen Lagdo, na cikin gari da na bakin tafki. Ina gaida masunta, da manoman shinkafa na Gunugu. Ina gaida na Garwa, da Pitowa, da Bibemi, da Ngong, har zuwa Rai Buba. Gaisuwa ta musamman ga malaman makaranta, don rabin maganar yau tasu ce.

Sharhinmu na yau a kan wani ilimi ne da ba a cika ambatonsa a gidajenmu ba. Shi ne ilimin tonon tarihi. Masu wannan ilimi suna binciken abin da mutanen da suka bari a ƙasa: kufai, tsingaro, dutsen niƙa, kashin maƙera, tokar murhu. Daga nan suke gano waɗanda suka zauna a wuri, da abin da suka ci, da sana'ar da suka yi.

Tambayar da na kawo muku ɗaya ce. Ɗan masunci ko 'yar manomi a Lagdo, za su iya karanta wannan ilimi har a ƙasar waje? Amsata ita ce za su iya. Sai dai ku riƙe wannan magana, don zan yi ta maimaita ta: hanyar waje daga gida take farawa.

To, mu fara da ƙasar da muke takawa.

Kun san madatsar ruwan Lagdo. 'Yan Sin suka gina ta a kan kogin Binuwai, daga 1977 zuwa 1982. Tafkin da ta tara ya shafe ƙasa kusan murabba'in kilomita 600. Wannan ƙasa ba fayau take ba kafin ruwa ya hau. An yi noma a kanta. An yi kiwo. An haihu, an binne. Tun kafin Fulani su kafa lamidancinsu a farkon ƙarni na 19, akwai Bata a bakin kogin nan, akwai Fali a duwatsun arewa da Garwa. Kafin su ma akwai wasu. Shi ya sa manomi yakan kafta fartanya ya ji ta bugi tsohuwar tukunya. Shi ya sa yaro mai kiwo yakan tsinci gatarin aradu ya kawo gida. Wannan dutse mai santsi hannun mutum ne ya wasa shi, tun zamanin da ba a san ƙarfe ba.

Ku hau hanyar Marwa daga Garwa. Kusa da Figil akwai Bidzar. A can, a kan shimfiɗaɗɗen dutsen marmara, akwai zane-zane kusan 500 da aka sassaƙa. Da'ira cikin da'ira, layi a kan layi. Wani Bafaranshe mai suna Buisson ya ba da labarinsu a 1933. Daga baya Alain Marliac ya yi musu dogon nazari. Tun 2006 suna cikin jerin wuraren da Kamaru ta miƙa wa hukumar UNESCO don neman a amince da su. Amma dutsen da ke ɗauke da zanen, irinsa ake fasawa a yankin don yin siminti da farar ƙasa. Kun ga inda damuwar take.

Ku ƙara gaba zuwa duwatsun Mandara. Akwai gine-ginen dutse da ake kira Diy-Gid-Biy. An jera duwatsu ba laka, ba siminti, kuma suna nan tsaye shekaru aru-aru. Wurare 16 ne. A watan Yulin 2025 UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya. Shi ne karon farko da wani wurin al'ada na Kamaru ya samu wannan matsayi. Kuma a arewa yake.

Wani zai ce, to ina ruwan Lagdo da Mandara? Da ruwanta ƙwarai. Lagdo garin baƙi ne, kowa ya san haka. Tun shekarun 1970 ake ta sauko da manoma daga Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai. Bayan tafki ya cika, masunta suka biyo kifi. Yau a aji guda za ka tarar da ɗan Mafa, da ɗan Tupuri, da ɗan Musgum, da ɗan Kotoko, da Bahaushe, da Bafulatani. Ɗan Mafan nan, a ƙasar kakanninsa gine-ginen dutsen suke. Ɗan Kotokon nan, mutanensa ke danganta kansu da Sao, masu manyan tuluna da mutum-mutumin yumɓu na bakin Logon da Shari. Ajin nan guda ya tara tarihin arewa kaf. Sai dai yaran ba su sani ba.

Yanzu mu juya ga yadda ake aikin. Wannan yana da muhimmanci, don da yawa suna zaton tonon dukiya ne.

Mai tonon tarihi ba zinariya yake nema ba. Ƙasa hawa-hawa take. Abin da ke can ƙasa ya girmi abin da ke sama. Don haka ake tono a hankali, da ƙaramin cokalin magina da buroshi. Ana auna zurfin kowane abu. Ana zana shi a takarda kafin a ɗaga. Ana tankaɗe ƙasar da rariya. Idan aka samu gawayi kusa da tukunya, murna ta samu. Me ya sa? Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari a jikinsa. Idan ya mutu, sinadarin yana raguwa sannu a hankali, rabinsa yana tafiya cikin shekara 5,730. A ɗakin gwaji sai a auna abin da ya saura, a lissafa shekarun gawayin. Da haka ake sanin shekarun murhun, da na tukunyar da ke kansa. Marigayi Cheikh Anta Diop ya kafa irin wannan ɗakin gwaji a Dakar tun shekarun 1960.

Masunta, ku matso kusa da rediyo, wannan taku ce. A 1987, a Dufuna ta jihar Yobe a Najeriya, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya ya ci karo da katako. Bai fasa shi ya yi makamashi ba. Ya je ya faɗa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka zo, aka fito da shi a 1994. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8. Gwaji ya nuna shekarunsa kusan 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Sana'arku ke nan, tun wancan zamani. Kuma ku lura: makiyayi ne ya gano shi.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta gaba. Su wa suka yi ta binciken ƙasarmu?

Galibi baƙi ne. Jean-Paul Lebeuf ya tona garuruwan Sao tun shekarun 1930. Marliac ya tona tuddan Diyamare. Amma bari in daɗe kaɗan a kan mutum guda, don labarinsa a ƙofar gidanmu ya faru.

A ƙarshen shekarun 1960 wani masani mai suna Nicholas David ya zauna a Be, garin Fulani a gabas da Garwa. Ya yi tono a tsohon tudun garin. Amma abin da ya fitar da sunansa wani abu ne daban. Ya riƙa shiga gida-gida yana zana yadda aka tsara ɗakuna. Ina ɗakin uwargida, ina na amarya, ina rumbu, ina murhu. Shi da abokiyar aikinsa suka ƙirga tukwanen mata. Suka tambayi kowace tukunya shekararta nawa. Suka gano tukunyar girki 'yan shekaru take yi ta fashe, ita kuwa babbar randa takan haura shekara 10. Kun ji kamar wasa, ko? To ga amfaninsa. Idan mai tono ya tarar da tsingaron tukunyar girki tuli a kufai, na randa kuma kaɗan, kada ya ce mutanen ba su da randuna. Tukunyar girki ce ke yawan mutuwa. Wannan ɗan lissafi ya gyara yadda masana ke fassara abin da suka tono. Rubutunsa kan gidan Bafulatani ya fito a 1971. Ɗaliban wannan ilimi a Turai da Amurka sun karanta shi, sun rubuta jarrabawa a kansa.

Ku tsaya ku yi tunani. Ɗalibi a Kanada ya san tukwanen matan Be. Ɗalibi a Lagdo bai taɓa jin labarin ba. Ban ga laifin baƙon ba, aikinsa ya yi, kuma ya yi da kyau. Amma me ya yi amfani da shi? Littafin rubutu, da fensir, da ma'auni, da tafinta. Yaronmu ba ya ma bukatar tafinta. Yana jin Fulatanci, yana jin Hausa, wataƙila da yaren gidansu na uku. Kakarsa ce ke gina tukunyar. Abin da baƙo ke shekara yana nema, shi da shi ya tashi.

Kada ku ce 'yan ƙasa ba su yi ba. Joseph-Marie Essomba ya buɗe hanya a Jami'ar Yawunde, ya binciki tsoffin wuraren narka tama a kudu. Sai Augustin Holl. Ɗan Kamaru ne, ya yi digirin digirgir a birnin Paris. A shekarun 1980 ya tona tuddan Huluf, can wajen Kuseri. Ya koyar a Jami'ar Michigan ta Amurka, daga baya a Xiamen ta ƙasar Sin. Ga kuma namu na Garwa, marigayi Eldridge Mohammadou. Shi ba tono ya yi ba. Ya bi fadojin lamidai da zaurukan tsofaffi yana naɗar tarihin baka, har ya rasu a Maiduguri a 2004. A maƙwabciyarmu Chadi, wani ƙoƙon kai da ake kira Tumai, mai shekara kusan miliyan 7, matashi ɗan Chadi ne ya fara hango shi a hamada a 2001, Ahounta Djimdoumalbaye. Ashe ana iyawa.

To, yanzu ga abin da kuke jira. Ina ƙofofin karatu a waje?

Zan faɗa muku gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Kusan duk tallafin karatu na wannan fanni, ga wanda ya riga ya yi digirin farko ake bayarwa. Yaro ɗan shekara 15 ba a ɗaukarsa daga Lagdo a kai shi Turai ya koyi tono. Duk wanda ya ce muku zai yi haka, ku riƙe aljihunku. Shi ya sa nake cewa hanyar waje daga gida take farawa.

Matakin farko a nan cikin ƙasa yake. Jami'ar Yawunde ta Ɗaya tana da sashen fasaha da tonon tarihi. A Ngaundare ana karanta tarihi. A Marwa, wadda aka kafa jami'arta a 2008, ana koyar da ilimin kula da kayan gado. Garwa ma ta samu jami'arta a 2022. Wanda ya karanta tarihi, ko labarin ƙasa, ko kimiyyar duwatsu, ko sinadarai, duk yana iya shiga wannan fanni daga baya. Yaron da ya fi ƙarfi a lissafi kada ya ce ba nasa ba ne. Awon gawayin nan aikinsa ne.

Sannan mu tuna, ƙasar waje ba Turai ce kaɗai ba. Zariya ma waje ce. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen tonon tarihi. Jami'ar Ibadan ma haka, kuma ta daɗe a fagen. Ɗanmu da ke jin Hausa, idan ya sauka a Samaru, ba zai rasa mai nuna masa masallaci da gidan abinci ba. Kuɗin mota ta Yola bai kai na jirgi ba. A Porto-Novo ta jamhuriyar Benin akwai Makarantar Kayan Gadon Afirka, tun 1998, tana horar da ma'aikatan gidajen tarihi. A Iskandariyya ta Masar akwai Jami'ar Senghor, ta ƙasashe masu magana da Faransanci. Ana shiga ta hanyar gasa bayan digirin farko, kuma tana da sashen kula da kayan gado.

Sai na nesa. Tarayyar Turai tana da shirin Erasmus Mundus. A ƙarƙashinsa an daɗe ana wani digiri na biyu kan zamanin da ba a fara rubutu ba, inda ɗalibi ke zagaya Italiya, Faransa, Sifaniya da Fotugal. Jamus tana da hukumar DAAD. Kamaru tana cikin ƙungiyar Commonwealth tun 1995, don haka 'ya'yanta suna da damar neman tallafin karatu a Ingila. A Amurka akwai gidauniyar Leakey da ta Wenner-Gren, masu tallafa wa ɗalibai daga ƙasashe irin namu a karatu mai zurfi. Ba sai kun haddace sunayen ba. Malamai su rubuta, ya wadatar.

Ƙofofin nan suna buɗewa, suna rufewa. A shekarun 1990 Jami'ar Ngaundare ta ƙulla zumunci da Jami'ar Tromso ta Norway, kuma 'yan arewa da dama sun je can sun yi karatu. A 2023 Norway ta fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da ba na Turai ba. Faransa ma ta ƙara kuɗin rajista ga baƙi a 2019. Don haka a kowace shekara sai an sake dubawa. A duba a shafin hukumar kanta, ko a ofishin jakadanci. Kada a dogara da saƙon da aka turo a WhatsApp.

Ga 'yan sakandare kuwa, ƙofar ƙanƙanuwa ce. Amurka ta daɗe da wani shiri mai suna YES, wanda ya riƙa kai ɗalibi ya yi shekarar karatu guda a gidan wani iyali a can, kuma 'yan Kamaru sun shiga. Ba tonon tarihi ake koyarwa ba. Amma wanda ya dawo da Turanci a bakinsa, ya yi rabin tafiya. Shugabannin makarantu su tambaya ko shirin yana nan.

Yanzu mu zo ga abin da ke tare yaranmu tun kafin su hango ƙofar. Iyayena maza da mata, a nan nake roƙon ku kasa kunne.

Abu na farko takardar haihuwa ce. Na san kun gaji da jin wannan magana. Zan sake faɗa. Yaro yana shiga makaranta ba takarda, a bar shi. Ya yi shekara shida yana zuwa na ɗaya. Ya kai ajin ƙarshe na firamare. Lokacin rajistar jarrabawar CEP da ta shiga sakandare, sai a ce ina takardar haihuwa? Babu. Shi ke nan. Yaro ya koma jirgin kamun kifi. Yarinya ta koma tallan gyaɗa, daga nan sai aure. Wannan yana faruwa a duk faɗin arewa, kuma ya fi yawa a ƙauyuka da sansanonin masunta, inda ake haihuwa a gida, ofis kuma yana da nisa. Ba jahilci ne ya tare yaron ba. Takarda ce guda. Wanda bai yi CEP ba, ina zai ga jarrabawar BEPC? Ina zai ga Bakaloriya? Ina zai ga fasfo? Ana maganar Paris da Zariya, alhali tafiyar ta mutu a ofishin magajin gari.

Idan an yi haihuwa, a je a yi rajista da wuri. Idan lokaci ya wuce, akwai gyara. Kotu tana ba da hukuncin da ke tsayawa a madadin shaidar haihuwa, a kai wa magajin gari ya rubuta takardar. Wani lokaci alƙalai kan fito ƙauyuka su yi wa jama'a da yawa a zama ɗaya. Idan kun ji sanarwa, ku bar kasuwar ranar ku je. Jauro da lawan da limamai da fastoci, ku taya mu shela. Sannan a lura da rubutun suna. Mukan yi sakaci da wannan. A takarda ɗaya Usmanu, a ta biyu Ousmanou, a ta uku an sauya ranar haihuwa. Jami'ar waje ba ta san uzuri ba. Harafi guda yana iya mayar da takardun yaro. Fasfo kansa jaka 110 ne na sefa, ba kuɗin da za a so biya sau biyu ba ne.

Abu na biyu harshe ne. Ƙasarmu da harsuna biyu take aiki, Faransanci da Turanci. Mu a arewa mun riƙe ɗaya mun saki ɗaya. Yawancin littattafan wannan ilimi da Turanci suke. Yaron da ya iya duka biyun, ƙofofinsa sun ninka. Darasin Turancin nan da ake gudu a aji, shi ne tikitin.

Abu na uku 'yan mata ne. A garuruwanmu mata ne masu ginin tukwane. Su suka san yumɓu, su suka san ado, su suka san wace tukunya ake yi wa amarya. Mai bincike namiji iyakarsa zaure. Mace tana shiga har ƙuryar ɗaki ta yi hira da tsohuwa. Fannin nan yana bukatar 'ya'yanku mata, ku bar su su gama sakandare.

Malamai, na iso gare ku.

Na san halin da kuke ciki. Aji cike maƙil. Wasunku iyayen yara ne ke haɗa musu ɗan abin da za su ba su a ƙarshen wata, wani watan ma shiru. Ba zan ɗora muku abin da ke bukatar kuɗi ba.

Abin da Nicholas David ya yi a Be, ku sa ɗalibanku su yi a Lagdo. Kowane yaro ya koma gida ya ƙirga tukwane da randuna. Ya tambayi shekarunsu, da wanda ya gina, da inda aka saya. Ya zana adon da ke jiki. Ya rubuta sunan kowace da yarensu. A kawo aji a haɗa. Nan take za ku ga adon Mafa daban, na wasu daban. Za ku ga yadda roba da tukunyar dalma suka kori yumɓu. Lissafi ya shiga, zane ya shiga, tarihi ya shiga, rubutu ya shiga. Wani makon ku gayyato tsohon maƙeri ko maginiya, ta zauna gaban aji. Wani makon yara su zana taswirar unguwarsu, su nuna inda tsofaffi suka ce an taɓa zama.

Ku adana littattafan nan. Yaron da ya yi wannan aiki shekara uku, ranar da zai rubuta wasiƙar neman tallafi yana da abin faɗa. Dubban masu nema suna rubuta cewa suna son tarihi. Shi zai rubuta cewa ya ƙirga tukwanen unguwarsu, ga abin da ya gano. Masu zaɓe irin wannan suke nema. Kun ga, hanyar waje daga gida take farawa.

UNESCO tana da kundin koyarwa na kyauta don malamai kan kayan gadon duniya, da Faransanci, da Turanci, da Larabci. Mai waya ɗaya ya sauke daga intanet, ya raba wa sauran. Ranar 5 ga watan Mayu ita ce ranar kayan gadon Afirka. Ku mai da ita ranar da yara za su baje aikinsu gaban iyaye. Idan hali ya yi, a haɗa kuɗin mota a kai su Bidzar. Tana bakin babbar hanya. Mandara kuwa a dakata tukuna, sai hukuma ta tabbatar da tsaro.

Ku ma kuna da ƙofarku. Malami mai digiri yana iya shiga gasar Jami'ar Senghor. Shirin Fulbright na Amurka ya daɗe yana ɗaukar malaman sakandare horon makonni shida. Ku rubuta wa malaman jami'a a Ngaundare da Marwa da Yawunde, ku gaya musu abin da kuke gani a yankinku. Masu bincike suna bukatar ido a ƙauye. Da rashin tayi akan bar arha.

Na san akwai uban da ke saurare yana girgiza kai. Yana cewa, Malam, wannan karatu me za a ci da shi?

Tambaya ce mai kyau, Baba. Ba zan ce maka akwai aiki birjik ba. Guraben kaɗan ne. Amma akwai su, kuma suna ƙaruwa. Lokacin da aka shimfiɗa bututun mai daga Chadi zuwa Kribi, tsawon kilomita 1,070, masu tonon tarihi sun bi layin daga 1999 zuwa 2004. Sun gano tsoffin wurare sama da 400. 'Yan Kamaru da 'yan Chadi sun yi aikin, kuma an biya su. A madatsar Lom Pangar ma an yi irin wannan bincike kafin ruwa ya hau. Yanzu manyan masu ba da bashin gina hanya ko madatsa suna sharɗanta a duba kayan tarihi tukuna. Akwai koyarwa. Akwai gidajen tarihi. Akwai kula da wuri irin Diy-Gid-Biy, wanda yanzu duniya ta sa wa ido. Kuma wanda ya iya awon ƙasa, da taswira, da rubuta rahoto da harsuna biyu, ba ya rasa inda zai sa kansa.

Ga wani aikin da ke tafe. A 2023 masana daga Jami'ar Dschang da wata jami'a a Berlin, ƙarƙashin Albert Gouaffo da Bénédicte Savoy, suka fitar da sakamakon bincike. Kayan tarihin Kamaru sama da 40,000 ne ke ajiye a gidajen tarihin Jamus. Ana maganar dawo da wasu. Idan sun dawo, wa zai karɓa? Wa zai ce wannan sirdin na lamidancin kaza ne, wannan garkuwar ta dutsen kaza ce? In ba mu horar da namu ba, za a sake ɗauko baƙo ya bayyana mana kayan kakanninmu.

Wata uwa kuma tana cewa, ni tsoron kufai nake, kada a taɓo abin da ya fi ƙarfinmu. Wani na cewa ai kayan maguzanci ne. Iya, mai bincike ba ya bauta wa abin da ya tono. Karanta shi yake yi. Malamanmu sun sha gaya mana cewa duba yadda al'ummomin da suka shuɗe suka ƙare, abu ne da addini ya kwaɗaitar. Kuma mai bincike na gari ba ya sa cokali a ƙasa sai da izinin hukuma da yardar masu gari. Ba ya taɓa maƙabartar da mutane ke ziyarta.

Saura gargaɗi guda biyu, gajeru.

Na farko, masu sayen kayan tarihi. Mutum zai zo da babur ya ce a tono masa tukunya ko mutum-mutumi, ya ba da jaka biyu. Kada ku yarda. Da zarar an fizge abu daga ƙasa ba awo, labarinsa ya tafi, ba ya dawowa. Haka aka wawashe kayan Nok a Najeriya, da na Bura a Nijar, da na Sao a nan. Dokar ƙasa ta 2013 tana kare kayan gado. Wanda ya ci karo da wani abu a gona, ya bar shi a wurin. Ya ɗauki hoto in yana da waya. Ya gaya wa jauro, ko malamin makaranta, a sanar da ofishin ma'aikatar al'adu a Garwa.

Na biyu, 'yan damfara. Tallafin karatu na gaskiya ba a sayensa. Duk wanda ya ce ku sayar da saniya ko injin jirgi ya samo wa ɗanku gurbi, ku tambaye shi sunan makarantar, ku kai wa shugaban makarantar yaron ya bincika. Kuma kada ɗanku ya kama hanyar hamada da sunan neman ilimi.

Masu sauraro, lokaci ya ci mu. Baba, Iya, a daren nan ku buɗe akwati ku duba, kowane yaro yana da takardar haihuwarsa? Wanda ba shi da ita, ku fara zirga-zirgar tun makon nan, kada a jira lokacin jarrabawa. Malamai, ranar Litinin ku ba da aikin ƙirgar tukwane. Ku kuma 'ya'yana da ke aji huɗu da aji biyar na sakandare, ku je ku zauna gaban kakanninku da littafi da biro, tun suna da ƙarfin magana. Abin da kuka samo, ku aiko mana ta hannun malamanku, za mu karanta a wannan fili.

Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.